Idan jama'a sun ce a'a ga yarjejeniyar ƙasa da ƙasa, gwamnati na da ikon sake dawo da ita?

Nasiru (Kongo):

Assalamu alaikum malamai. Gardama ce ta kaure tsakanin ɗaliban lauya a teburin mai shayi na bakin ƙofar harabar Kongo ta Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, har yau ba a raba ta ba. A ce gwamnati ta je ta sa hannu a yarjejeniya da wasu ƙasashe, ta dawo gida ta kira ƙuri'ar raba gardama, jama'a suka ce ba sa so. Me ya rage mata? Wasu sun ce magana ta mutu, sai a binne. Wasu sun ce ai an sake tambayar mutanen ƙasar Ailan har sau biyu kuma duniya ba ta tashi ba. A doka, wane ne da gaskiya? Bayani mai tushe nake nema don Allah.

Barista (Tudun Wada):

Wa'alaikumus salam Nasiru. Fara da raba abu biyu da ake yawan haɗawa: sa hannu daban, tabbatarwa daban. Sa hannun shugaba ko minista a wurin taro baiko ne. Ɗaurin auren shi ne ranar da ƙasa ta rubuta takardar tabbatar da amincewarta, shugaba ya sa hannu, aka buga hatimi, jakada ya kai ta ga wanda aka naɗa ma'ajin yarjejeniyar. Yarjejeniyoyin Tarayyar Turai, alal misali, gwamnatin Italiya ce ke karɓar takardunsu a Rum. Ƙuri'ar raba gardama a tsakanin baiko da ɗaurin aure take faɗowa. Idan jama'a suka ƙi, ba a kai takardar, ƙasa kuma ba ta karya alƙawarin kowa ba.

Sai dai baikon ma yana da nauyinsa. Yarjejeniyar Biyana ta 1969, wadda ita ce dokar yarjejeniyoyi, ta ce a sashe na 18 ƙasar da ta sa hannu kada ta yi abin da zai rushe manufar yarjejeniyar, har sai ta bayyana a fili cewa ba za ta shiga ba. Don haka aikin farko bayan an sha kaye shi ne a rubuta wa ma'aji a sanar da shi. Amurka ta yi irin wannan a watan Mayun 2002, ta aika wasiƙa Majalisar Ɗinkin Duniya cewa ba za ta shiga yarjejeniyar Kotun Hukunta Manyan Laifuka ba, duk da sa hannun da ta yi a ƙarshen 2000.

Abin da ke ɓata lissafi shi ne sashe na 25, wanda ya yarda a fara aiki da yarjejeniya na wucin gadi kafin a tabbatar. Idan an riga an sauke harajin kwastan, 'yan kasuwa sun ƙulla ciniki a kan sabon farashi, a'ar jama'a ba ta tsayar da komai da kanta, sai an aika sanarwar dakatarwa. In kuwa an riga an ɗaura auren kafin a tambayi mutane, to an makara. Sashe na 27 ya hana ƙasa fakewa da dokarta ta cikin gida don ƙin cika alƙawari. Sai dai ta bi ƙofar fita da aka rubuta a cikin yarjejeniyar, in babu kuma aka ga akwai damar fita, sashe na 56 ya ce a ba da sanarwar aƙalla wata 12.

Game da sake tambaya kuwa, dokar ƙasa da ƙasa ba ta ce uffan ba. Tsarin mulkin kowace ƙasa ake dubawa: ƙuri'ar tana ɗaure gwamnati ne, ko shawara ce? A Ailan tana ɗaurewa, domin tun hukuncin Kotun Ƙolinsu na 1987 a ƙarar da wani mutum mai suna Crotty ya shigar, yarjejeniyar da ta taɓa ikon ƙasa sosai sai an gyara tsarin mulki, shi kuma ba ya gyaruwa sai da ƙuri'ar jama'a. Amma babu inda aka ce sau ɗaya kawai za a tambaya. To ka ga abokanka na biyu sun fi kusa da gaskiya a doka. Ko hakan ya dace, wannan kuma wata magana ce.

Malam (Samaru):

Barista ya gama da ɓangaren doka, Allah ya saka. Ni ta kasuwa zan ɗauko maganar. Ka shiga kasuwar Sabon Gari ka taya buhun masara, mai kaya ya ce maka "albarka". Bai kore ka ba, cewa ya yi ka ƙara. Amma in ya ce "ba na sayarwa ba ne", ka tsaya kana ta tayi, ka zama mai naci. Wahalar ƙuri'ar raba gardama ita ce takardar gida biyu gare ta, e da a'a, ba ta da wurin da mutum zai rubuta ko albarka yake nufi ko ba na sayarwa ba. Aikin gwamnati mai mutunci shi ne ta gano wanne ne, in albarka ce ta ƙara wani abu na gaske, sannan ta koma wurin mai kayan. Shi ɗin dai, ba yaron shagonsa ba.

Denmak ta yi haka. A 2 ga Yunin 1992 kashi 50.7 cikin 100 suka ƙi yarjejeniyar Mastirik, wadda ta kafa Tarayyar Turai. Tunda irin wannan yarjejeniya ba ta aiki sai kowace ƙasa ta tabbatar, Turai gaba ɗaya ta tsaya cik. Mafi yawan jam'iyyun majalisarsu, har da ɗaya daga cikin waɗanda suka yi yaƙin a'a, suka zauna suka fitar da abin da mutane ke gudu. A taron Edinbara na Disambar 1992 aka cire Denmak daga abu huɗu: kuɗin bai ɗaya, harkar tsaro, harkar shari'a da cikin gida, da batun zama ɗan ƙasa na Tarayya. Aka koma akwati a Mayun 1993, kashi 56.7 suka yarda. Kuma ƙarin na gaske ne, har gobe kuɗin Denmak kurona ne ba yuro ba, na tsaron ma da za a cire shi a 2022 sai da aka sake kiran jama'a. Duk da haka a daren sakamakon 1993 rikici ya ɓarke a wata unguwa a Kofanhegan, 'yan sanda suka yi harbi, mutum 11 suka ji rauni. Ko an bi hanya ma akwai waɗanda za su ga an yi musu wayo.

Ailan labarinta iri biyu ne. A yarjejeniyar Tarayyar Turai ta Nis, 2001, kashi 53.9 suka ƙi, amma ƙasa da kashi 35 na masu rajista ne suka fito. Da aka sake a Oktoban 2002, masu a'a suna nan kusan yadda suke, wajen dubu 530 duka sau biyun. Masu e ne suka tashi daga dubu 450 da ɗoriya zuwa sama da dubu 900. Ba a juya ra'ayin kowa ba, waɗanda suka kwanta a gida ne suka farka. A ta Lisbon kuwa, 2008, an fito sosai kuma kashi 53.4 suka ƙi. Aka yi nazarin dalili, aka samu akwai tsoron rasa kwamishinansu a Hukumar Tarayya, da batun haraji, da zamansu 'yan ba ruwanmu a harkar soja, da dokar zubar da ciki. Aka ba su tabbaci a rubuce, aka fasa rage yawan kwamishinoni, kowace ƙasa ta riƙe nata. A Oktoban 2009 kashi 67.1 suka yarda. Sai dai in za a faɗi gaskiya, tattalin arzikinsu ya durƙushe a tsakanin ƙuri'un biyu, tsoro ma ya yi nasa aikin.

Inda ni nake ganin an shiga ta bayan gida shi ne Faransa da Holan. A 29 ga Mayun 2005 Faransawa kusan kashi 55 suka ƙi Tsarin Mulkin Turai, bayan kwana 3 Holan ta ƙi da fiye da kashi 61. Aka ajiye takardar shekara biyu, aka cire sunan tsarin mulki, aka cire tuta da take, muƙamin ministan harkokin waje aka sauya masa laƙabi. Amma shugaban Majalisar Shugabanni na dindindin yana nan, sabon tsarin ƙuri'a na kashi 55 na ƙasashe masu kashi 65 na jama'a yana nan. An sauya wa tuwo suna, aka kira shi Lisbon, aka sa hannu a Disambar 2007. Shi kansa tsohon shugaban Faransa Giscard d'Estaing da ya shugabanci rubuta ta farkon ya yarda cewa kayan cikin kusan ɗaya ne. A Fabrairun 2008 'yan majalisar Faransa suka taru a fadar Basai suka share hanya da ƙuri'a 560 kan 181, ba a sake tambayar jama'a ba. Masu kare matakin suna cewa shugaban Faransa na lokacin, Sarkozy, ya faɗa tun a yaƙin neman zaɓen 2007 cewa ta majalisa zai bi, kuma aka zaɓe shi. Hujja ce, amma mai zaɓen shugaba abu ɗari yake aunawa, ba abu guda ba.

Hajiya (Gyallesu):

Allah ya gafarta Malam, misalin albarka ya yi daɗi, amma akwai inda bai kai ba. A kasuwa in mai kaya ya ce "na sallama" ma yana iya cewa a warware kafin a rabu. A wannan harka kuwa, an cika sake tambaya ne in amsa ba ta yi wa gwamnati daɗi ba. Sifen ta ce e ga Tsarin Mulkin Turai da wajen kashi 77 a 2005 da fitowar da ba ta kai rabi ba, wa ya ce a sake don mutane ba su fito ba? In ƙarancin fitowa hujja ce a kan a'a, ya kamata ta zama hujja a kan e. In ba haka ba, ƙa'idar ta zama a yi ta jefawa har sai an samu amsar da ake so.

Ga wanda ya fi ci mini rai. Holan ta yi doka cewa in mutum dubu 300 suka sa hannu, za a kira ƙuri'ar shawara, kuma tana da inganci in kashi 30 suka fito. A Afrilun 2016 aka gwada ta a kan yarjejeniyar ƙawancen Tarayyar Turai da Yukiren. Kashi 32 suka fito, kashi 61 suka ƙi. Dubi ɓarnar da wannan iyaka ta kashi 30 ta yi: masu goyon baya da yawa sun zauna a gida da gangan don kada a kai iyakar, sai aka kai ta da ƙyar, suka yi biyu babu. Firaminista Rutte ya samo wata takardar bayani daga shugabannin Tarayya a Disambar 2016 cewa yarjejeniyar ba ta ba Yukiren matsayin mai neman shiga ba, ba ta wajabta taimakon soja ba, ba ta ba 'yan Yukiren izinin zama da aiki ba. Ko waƙafi ba a taɓa a yarjejeniyar ba. Majalisa ta tabbatar a 2017, a 2018 kuma aka soke dokar ƙuri'ar shawarar ɗungurungum.

Girka ta 2015 ba yarjejeniya ce irin waɗannan ba, sharuɗɗan bashi ne, amma darasin ya shafe mu. An ba mutane kwana 8 ko 9, takardar ƙuri'ar tana tambaya a kan wasu takardu biyu na masu ba da bashi da sunayensu na Turanci a jiki, bankuna a rufe, mutum ba ya cire fiye da yuro 60 a rana. Kashi 61.3 suka ce a'a ranar 5 ga Yuli. Ranar 13 ga wata Firaminista Tsipras ya amince da sharuɗɗan da ba su fi na farko sauƙi ba. Laifin tun daga tambayar yake: an tambayi mutane abin da gwamnati ba ta da ƙarfin aiwatarwa in sun ƙi.

Masu kunya su ne Siwizalan da Nowe. Siwizalan ta ƙi shiga yankin tattalin arzikin Turai a 6 ga Disambar 1992 da kashi 50.3, tazarar ƙuri'a dubu 20 da 'yan kai. Gwamnati ta haɗiye, ta jingine takardar neman shiga Tarayya, ta shafe shekaru tana ƙulla wasu yarjejeniyoyi 7 daban, ta kawo su gaban jama'a a 2000, kashi 67 suka yarda. Shiga Majalisar Ɗinkin Duniya ma sun ƙi a 1986, ba a sake tambaya ba sai 2002, shekara 16. A Nowe, da aka ƙi shiga Kasuwar Tarayyar Turai a 1972, Firaminista Bratteli murabus ya yi kamar yadda ya yi alƙawari, sai 1994 aka sake tambaya, aka sake ƙi. Wanda ya jira shekara 22 ba za a ce masa mai naci ba, da yawa daga cikin masu zaɓen ma sababbi ne. Wata 16 irin na Ailan kuwa, ni dai ban gamsu ba.

Nasiru (Kongo):

Na gode ƙwarai iyayena. To mu a Nijeriya fa, Barista? Lokacin surutun yarjejeniyar Samowa, wadda Nijeriya ta sa wa hannu da Tarayyar Turai, a 2024 an yi ta cewa a tambayi jama'a. Akwai hanyar hakan?

Barista (Tudun Wada):

Babu, a yadda tsarin mulkin 1999 yake. Wuri biyu ya ambaci ƙuri'ar raba gardama. Sashe na 8, wajen ƙirƙirar sabuwar jiha ko ƙaramar hukuma, inda ake neman kashi biyu cikin uku na mutanen yankin. Sai kiranyen ɗan majalisa a sashe na 69 da na 110, inda fiye da rabin masu rajista za su sa hannu, hukumar zaɓe ta shirya ƙuri'a cikin kwana 90. Yarjejeniya ba ta ciki. In gwamnati ta ga dama ta kira ƙuri'a a kanta ta hanyar wata doka, shawara ce kawai.

Birkin da muke da shi sashe na 12 ne: babu yarjejeniyar da ke da ƙarfin doka a cikin gida sai Majalisar Tarayya ta mayar da ita doka. In batun ba ya cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke da iko a kai, ƙaramin sashe na 3 ya ce sai mafi yawan majalisun jihohi sun amince. Shi ya sa yarjejeniyar kawar da wariya ga mata da Nijeriya ta tabbatar tun 1985 har yau ba ta zama dokar tarayya ba. Amma ka lura da ramin. Sashen ya tsare kotunan gida ne kawai. Ɓangaren zartarwa na iya sa hannu ya tabbatar, ƙasa ta ɗauru a waje, majalisa ba ta ce komai ba. Bakasi ke nan. Kotun Duniya ta yanke hukunci a Oktoban 2002, Obasanjo da shugaban Kamaru Paul Biya suka sa hannu a yarjejeniyar Girintiri a Yunin 2006, Majalisar Dattawa ta taso a Nuwamban 2007 tana cewa ba a kawo mata ba, amma a 14 ga Agustan 2008 aka miƙa yankin a Kalaba. Ihu bayan hari.

Inda muryar jama'a ta yi tasiri a nan, kafin a ɗaura ne ko ta matsin siyasa. Yarjejeniyar tsaro da Birtaniya ta 1960 zanga-zangar ɗalibai da 'yan adawa ce ta sa aka soke ta a Janairun 1962. A Maris ɗin 2018 Buhari ya fasa zuwa Kigali sa hannu a yarjejeniyar kasuwar bai ɗaya ta Afirka saboda ƙorafin ƙungiyar ƙwadago da masu masana'antu, aka yi tuntuɓa fiye da shekara, ya sa hannu a Yamai a Yulin 2019.

Malam (Samaru):

Hajiya, na karɓi gyara a kan rashin daidaito tsakanin e da a'a, ba ni da amsa mai ƙarfi a kansa. Amma tsawon lokaci shi kaɗai ba ma'auni ba ne, kuma misalin yana nan gida Arewa. A Nuwamban 1959 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tambayi mutanen Arewacin Kamaru, wato su Mubi, Gwoza, Dikwa, Ganye da Mambila, ko za su zauna cikin Jihar Arewa in Nijeriya ta samu 'yanci ko a ɗage magana. Mafi yawa suka ce a ɗage, abin ya ba gwamnatin Kaduna mamaki. Albarka ce suka faɗa. Kukansu da mulkin En'e ne da ake yi musu daga nesa, musamman daga Yola. Aka yi gyara, aka ba yankunan En'e-En'ensu. A Fabrairun 1961, wata 15 kacal bayan ta farko, aka sake tambaya da sabuwar tambaya, Nijeriya ko Jamhuriyar Kamaru. Kusan kashi 60 suka zaɓi Nijeriya, aka haɗe a 1 ga Yunin 1961, yankin ya zama Lardin Sardauna. Kamaru ta kai Birtaniya ƙara Kotun Duniya, a 1963 kotu ta ƙi yanke hukunci a kan ƙarar.

Nasiru, in za ku rubuta wa kwamitin gyaran tsarin mulki shawara, ran gini ran zane. A rubuta a cikin dokar ko ƙuri'ar tana ɗaurewa, tun kafin a san wa zai ci. Kada a fara aiki da yarjejeniyar na wucin gadi sai an ƙidaya ƙuri'a. In za a sa iyaka, a ce masu rinjaye su kai wani kaso na masu rajista, kada a ɗora ta a kan yawan fitowa, don gudun abin da Hajiya ta faɗa na Holan. Tambayar ta zama jimla ɗaya, a fassara ta da taƙaitaccen bayanin yarjejeniyar cikin Hausa da sauran harsuna, har da ajami, a karanta a rediyo makonni kafin ranar. Sannan a rubuta cewa abin da akwati ya ƙi, majalisa ba ta da ikon shigo da shi, ko an sauya masa suna, sai an koma akwatin.

Hajiya (Gyallesu):

Na yarda da wannan na ƙarshen, Malam, amma wa zai yanke cewa sabuwar takardar ita ce tsohuwar da aka sauya wa riga? A Holan majalisar da ke ba gwamnati shawara kan dokoki ta duba Lisbon a 2007 ta ce ta bambanta da ta 2005, da wannan aka fake aka ƙi kiran ƙuri'a. In za a rubuta, a ba Kotun Ƙoli wannan aiki, a kuma ba kowane mai rajista damar shigar da ƙara kafin a kai takardar tabbatarwa wurin ma'aji. Crotty ma mutum guda ne ya tsayar da gwamnatin Ailan ana dab da kai takardar Rum. Barista, a kotunanmu za a bar mutum guda ya shigar da irin wannan ƙara, ko za a ce masa ba shi da hurumi?